Sanusi Lamido Sanusi da Garambawul ɗin Bankunan Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda aka ji wani banki na tangal-tangal, ko Babban Bankin Najeriya ya fito da sabuwar ƙa'ida kan jari, sai sunan Sanusi Lamido Sanusi ya dawo bakin mutane. Matasa da yawa da rawani suka san shi, ba su riski lokacin da yake gwamnan Babban Banki ba, daga 2009 zuwa 2014. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban tattalin arziki, 'yan kasuwa, masu ajiya da tsofaffin ma'aikatan banki suka fi maimaitawa game da shi da aikin da ya yi.

Wane ne Sanusi Lamido Sanusi, kuma daga wane gida ya fito?

An haife shi a Kano ranar 31 ga Yuli, 1961, a gidan sarautar Dabo. Mahaifinsa, Muhammadu Aminu Sanusi, Ciroman Kano, jakada ne da ya wakilci Najeriya a ƙasashe irin su Beljiyam da Sin da Kanada, ya kuma riƙe muƙamin babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje. Kakansa shi ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963, kafin saɓaninsa da gwamnatin Jihar Arewa ya raba shi da gadon mulki, aka kai shi Azare. A 2012 Sarki Ado Bayero ya naɗa jikan Ɗan Majen Kano, yana kan kujerar Babban Banki.

Me ya karanta, kuma ta yaya ya shiga aikin banki?

Ya yi firamare a Kaduna, ya yi sakandare a King's College ta Legas, sannan ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya sami digirin farko a 1981. Ya ci gaba da karatun digiri na biyu, ya kuma koyar a sashen na ɗan lokaci, sai a 1985 ya koma bankin 'yan kasuwa na ICON. A farkon shekarun 1990 ya ajiye aiki ya tafi Khartoum ta Sudan, ya karanta Larabci da shari'ar Musulunci a Jami'ar Afirka ta Duniya, ya kammala a 1997.

Da ya dawo sai ya shiga UBA, a sashen da ke auna haɗarin bashi, wato masu duba ko wanda za a ranta wa kuɗi zai iya biya, da abin da banki zai rasa idan bai biya ba. A 2005 First Bank ya ɗauke shi darakta mai kula da wannan fanni, a Janairun 2009 kuma ya zama shugaban bankin, ɗan Arewa na farko da ya riƙe kujerar. Wata biyar kawai ya yi a kanta, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya miƙa sunansa ga Majalisar Dattawa, ta amince da shi ranar 3 ga Yuni, 2009. Wannan tarihin na da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Mutumin da ya shafe shekaru yana bin diddigin bashin da ya lalace ya san inda ake ɓoye shi a littafin banki.

Wane hali bankuna ke ciki lokacin da ya hau?

Sai an koma 2004. A watan Yulin wannan shekara gwamnan da Sanusi ya gada, Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25, daga baya 24. Matakin ya kawar da ƙananan bankunan da ba su da ƙarfi, ya samar da manya masu rassa a ko'ina. Amma girman ya zo da sauri fiye da yadda masu sa ido suka iya bi. Ga kuɗin mai na kwarara, ga jari ya taru a hannun bankuna, ga rashin isassun masana'antun da za a ranta wa.

Sai kuɗin suka nufi wurare biyu: kasuwar hannun jari da masu shigo da man fetur. Banki zai ba mutum rance ya sayi hannun jari, a riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Wasu bankunan ma ta bayan gida suke ba da rancen a sayi nasu hannun jarin, farashinsa ya hau, a ce jari ya ƙaru, alhali kuɗin masu ajiya ne aka juya. Abin ya yi kama da uwar adashe da ke ɗibar zubin mutane tana ranta wa 'yan gidanta, tana rubuta cewa kuɗin na nan. Muddin ba a zo kwasa ba, babu wanda zai gane.

Kwasar ta zo a 2008. Gangar mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekara ta ƙare, masu jari na waje suka janye kuɗinsu, kasuwar hannun jarin Legas ta rasa fiye da rabin darajarta. Jinginar ta zama takarda, masu bashi suka kasa biya. Wasu bankuna suka koma rayuwa da rancen gaggawa daga Babban Banki, wanda aka faɗaɗa ƙofarsa a ƙarshen 2008. A fili kuma ana ta cewa lafiya lau.

Me ya faru ranar 14 ga Agusta, 2009?

Bayan ya hau, ya tura masu bincike na Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya, NDIC, su duba littattafan bankuna goma na farko. Ranar Juma'a, 14 ga Agusta, ya sanar da sauke shugabanni da daraktocin gudanarwa na biyar daga ciki: Intercontinental na Erastus Akingbola, Oceanic na Cecilia Ibru, Union Bank, Afribank da Finbank. Ya naɗa sababbin shugabanni nan take, ya zuba musu naira biliyan 420. Binciken ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na bashin da waɗannan biyar suka bayar ya maƙale, ga shi kuma suna riƙe da kusan kashi 30 na dukan ajiyar da ke bankunan ƙasar. Da guda ɗaya a cikinsu ya rufe ƙofa da safe, da kafin la'asar layi ya cika ƙofar sauran.

A farkon Oktoba aka fitar da sakamakon ragowar 14. Aka sauke shugabannin Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, aka umarci Wema da Unity su ƙara jari, aka sake zuba naira biliyan 200. Jimilla biliyan 620 ke nan. Babban Banki ya kuma buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, cikinsu har da attajirai da 'yan siyasa da ba a saba ganin an taɓa su ba, ya miƙa fayil ɗin wasu ga EFCC, wadda Farida Waziri ke shugabanta a lokacin.

Naira biliyan 620 ɗin nan kyauta aka ba bankunan? Daga ina suka fito?

Rance ne mai kuɗin ruwa, kuma daga Babban Banki ya fito, ba daga kasafin kuɗin gwamnati ba. 'Yan majalisa sun yi ƙorafin cewa ba a nemi izininsu ba, shi kuma ya kafa hujja da dokar Babban Banki ta 2007 da dokar bankuna, waɗanda suka ba gwamna ikon ceto bankin da ke cikin mawuyacin hali da sauya masu tafiyar da shi. Babban Banki ya kuma tsaya wa duk rancen da bankuna ke yi a tsakaninsu, don kada masu lafiya su ƙi ranta wa marasa lafiya. Wannan kuɗi numfashi kawai ya saya musu. Ramin da ke cikin jarinsu ya fi haka zurfi nesa ba kusa ba, shi ya sa aka kafa AMCON, wadda bayaninta ke tafe.

Shin akwai mai ajiyar da ya rasa kuɗinsa? In babu, wa ya yi asara?

Babu mai ajiyar da ya rasa ko kwabo a bankunan kasuwancin da aka ceto. Wanda ya tuna shekarun 1990, musamman 1998 da aka rufe bankuna 26 a lokaci guda mutane suka yi shekaru suna bin kuɗinsu, zai san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganina nan ne zuciyar aikin Sanusi take. Ya tsaya a kan cewa banki ba na shugabansa ba ne, kuma kafin a kai ga mai hannun jari akwai malamar makarantar da albashinta ke ciki da ɗan kasuwar Kwari da ya ajiye kuɗin kayansa. Mai hannun jari ya shiga kasuwanci da saninsa, riba ko faɗuwa. Mai ajiya amana ya bayar.

Amma an yi asara, kuma bai kamata a rufe ta ba. Masu hannun jari sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma ba dukansu ne attajirai ba. Akwai 'yan fansho da ƙananan ma'aikata da suka zuba ɗan abin da suka tara lokacin da ake tallar hannun jarin bankuna a rediyo da talabijin, suka wayi gari takardunsu ba su da daraja. Dubban ma'aikatan banki sun rasa aiki sakamakon rage rassa da haɗewa. Rance kuma ya yi wuyar samu na tsawon lokaci, domin bankunan da suka tsira sun tsorata. Sauran nauyin ya hau kan jama'a ta hanyar bashin AMCON.

An hukunta wani daga cikin shugabannin da aka sauke?

Cecilia Ibru ta amsa wasu tuhume-tuhume a Oktoban 2010, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori da hannayen jari da aka ƙiyasta sun kai kimanin naira biliyan 190. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 wata kotu a Legas ta same shi da laifi, shekara goma sha biyu bayan sauke shi. Shari'ar Erastus Akingbola a Najeriya ta yi ta yawo daga wannan alƙali zuwa wancan, duk da cewa a 2012 wata kotu a Landan ta umarce shi ya biya bankin da ya gaji Intercontinental ɗaruruwan miliyoyin fam. Gwamnan Babban Banki na iya sauke mutum a yini ɗaya, amma hukunci na hannun kotu, kuma jan ƙafar da aka yi a can ya rage wa garambawul ɗin kaifi.

Mece ce AMCON, kuma me ya sa har yanzu ake maganarta?

Hukuma ce da aka kafa da doka a 2010, Mustafa Chike-Obi ne shugabanta na farko. Aikinta ta sayi bashin da ya maƙale daga hannun bankuna a farashi mai rahusa, ta ba su takardun lamuni da gwamnatin tarayya ta tsaya wa, sannan ita ta bi masu bashin. Ta haka littafin banki zai yi tsabta ya koma ba da rance. Ta kuma cike giɓin jarin bankunan da aka ceto har ya dawo sifili, domin a samu mai saye. Takardun da ta fitar sun haura naira tiriliyan 5.

An tsara a biya wannan kuɗi daga abin da aka ƙwato, da wani asusu da bankuna ke zuba wa wani kaso na kadarorinsu duk shekara, Babban Banki ma yana zuba nasa. Matsalar ita ce ƙwatowar. Manyan masu bashi kaɗan ne ke riƙe da mafi yawan kuɗin, suna da lauyoyi, suna da ƙafa a gwamnati. AMCON ta karɓe kamfanoni da gidaje da filaye, har da kamfanin jiragen sama na Arik a 2017, amma an tsara ta ne ta yi kimanin shekara goma ta naɗe tabarmarta, ga shi ta zarce da bashi mai nauyi a kanta. Masu sukar Sanusi suna cewa an ɗauke bashin attajirai an ɗora wa talaka, kuma akwai gaskiya a maganar. Abin da ba sa faɗa shi ne abin da zai faru da kuɗin talakan da ke cikin waɗannan bankuna da an bar su sun rushe.

Ina bankunan da aka ceto suka ƙare?

An ba su wa'adin ƙarshen Satumban 2011 su sami sabon jari. Access ya sayi Intercontinental, Ecobank ya sayi Oceanic, FCMB ya sayi Finbank, Sterling ya haɗiye Equitorial Trust, wata ƙungiyar masu zuba jari kuma ta karɓi mafi rinjayen hannun jarin Union Bank. Uku da aka ga ba za su cika wa'adin ba, sai aka janye lasisinsu a Agustan 2011, aka mayar da ajiyarsu da rassansu ga sababbin bankuna a ƙarƙashin AMCON: Afribank ya koma Mainstreet, Bank PHB ya koma Keystone, Spring ya koma Enterprise. Masu ajiya sun je ranar Litinin sun tarar da ƙofa a buɗe da sabon suna. Masu hannun jarin waɗannan uku kuwa sun rasa komai.

Gaskiya ne ajandar Arewa ce, an so a ƙwace bankunan 'yan Kudu?

An yi wannan zargi tun kafin ma a naɗa shi, kuma ya yi ƙarfi a jaridun Legas bayan 14 ga Agusta. Hanya mafi sauƙi ta auna shi ita ce a duba inda bankunan suka ƙare, kamar yadda aka jera a amsar da ta gabata. Access da FCMB da Sterling duk na Legas ne, Ecobank kuma hedikwatar uwar kamfaninsa na Lome. Babu ko ɗaya da ya faɗa hannun 'yan Arewa a wannan cinikin. Waɗanda ya naɗa su riƙe bankunan, irin su Funke Osibodu a Union Bank da Lai Alabi a Intercontinental, ƙwararrun ma'aikatan banki ne na Legas. Bank PHB da ya sauke shugabanninsa kuwa ya samo rabin asalinsa daga bankin Habib, wanda ke da tsohuwar alaƙa da gidan 'Yar'aduwa, gidan shugaban da ya naɗa shi.

Akwai sukar da ta fi wannan nauyi: cewa an yi abin da hayaniya, an bayyana mutane a matsayin masu laifi kafin kotu ta zauna, kuma jerin masu bashin da aka buga na ɗauke da kurakuran da wasu suka fito suka musanta. Wannan ƙorafi ne da ya cancanci a saurara.

Waɗanne dokoki ya canja don kada a maimaita?

A 2010 ya ƙayyade wa shugaban banki shekara goma a kan kujera. Wannan ce ta sa Jim Ovia na Zenith da Tony Elumelu na UBA suka sauka a wannan shekarar, duk da bankunansu sun tsallake bincike. Ya soke tsarin da ya ba banki damar yin kowace irin harka da lasisi ɗaya, daga inshora zuwa dillancin hannun jari. Wanda ke son ci gaba da su sai ya ware su daga inda ajiyar mutane take. Ya raba lasisi gida uku: na ƙasa da ƙasa mai jarin naira biliyan 50, na ƙasa mai biliyan 25, na shiyya mai biliyan 10.

Akwai wata ƙaramar doka da ba a cika ambata ba, alhali ta toshe babbar kafa. A da kowane banki na da watan da yake rufe lissafin shekara, sai su riƙa ranta wa juna kuɗi a lokacin rufewa don littafi ya yi kyau. Aka tilasta wa kowa ya rufe ranar 31 ga Disamba. A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010, ya lissafa raunin sa ido na Babban Bankin kansa cikin musabbabin rikicin, bai ɗora wa bankuna laifin su kaɗai ba.

Shi ne ya kawo bankin Musulunci Najeriya?

Ba shi ya fara ba, amma a hannunsa abin ya tabbata. Dokar bankuna ta 1991 ta riga ta ambaci banki mai raba riba da asara, masu kafa Jaiz kuma sun fara neman jari tun 2003. Abin da ya rage shi ne ƙa'idojin aiki, su ne Babban Banki ya fitar a 2011. Jaiz ya buɗe a Janairun 2012 da rassa uku, a Abuja da Kaduna da Kano. A maimakon kuɗin ruwa, irin wannan banki na sayen kaya ya sayar wa abokin ciniki da ribar da aka yi yarjejeniya a kanta, ko ya ba da haya, ko a haɗa jari a raba abin da ya fito.

Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi adawa sosai, tana ganin yunƙuri ne na musuluntar da ƙasa. Amsarsa ita ce ƙofar a buɗe take ga kowa ya kafa bankin da ba ya karɓar ruwa, kuma Kirista na iya ajiya ko ya sayi hannun jari a ciki. Karatunsa na Khartoum ya sa ya iya kare tsarin a gaban malamai da 'yan boko baki ɗaya, shi ne kuma ya sa masu zargi suka ƙara zarginsa. Daga baya TAJBank ya zo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fara gina hanyoyi da kuɗin sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, a 2017.

Me talakan da ba ya ma da asusun banki ya amfana da shi?

Wani bincike na 2010 ya nuna kimanin kashi 46 cikin 100 na baligan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne kan gaba a wannan rashi. A 2012 Babban Banki ya ƙaddamar da shirin rage adadin zuwa kashi 20 kafin 2020. Aka sauƙaƙa buɗe ƙaramin asusu ga wanda ba shi da tarin takardu, aka fitar da ƙa'idar wakilan banki a 2013, wadda ita ce tushen sana'ar masu POS da yanzu ke kowace kasuwa. Shirin rage yawo da tsabar kuɗi ya fara a Legas a 2012, ya iso Kano da Abuja da wasu jihohi a 2013. Lambar BVN ma a zamaninsa aka ƙaddamar da ita, kwanaki kaɗan kafin a dakatar da shi.

Ba a cimma kashi 20 ɗin ba, kuma Arewa ce har yanzu a baya. Manomin da ke ƙauyen da babu reshe, babu sabis mai ƙarfi, bai ji garambawul ɗin a jikinsa ba. An kafa NIRSAL don ta raba haɗarin rancen noma da bankuna, an ware naira biliyan 220 ga ƙananan sana'o'i a 2013 da sharaɗin kashi 60 na mata ne, amma isar irin waɗannan kuɗi ga wanda aka yi dominsa ya kasance da wuya. Ina kuma ganin waɗannan asusun tallafi sun buɗe ƙofar da Babban Banki ya riƙa yin aikin ma'aikatun gwamnati, ƙofar da ta ƙara faɗi ƙwarai bayan tafiyarsa.

Yaya naira da farashin kaya suka kasance a zamaninsa?

Dala ta tsaya tsakanin naira 150 da 160 a farashin hukuma kusan dukan wa'adinsa. A Oktoban 2011 ya ɗaga kuɗin ruwan Babban Banki zuwa kashi 12, ya bar shi a nan duk da kukan masu masana'antu, hauhawar farashi kuma ta sauko ƙasa da kashi 10 a 2013. Da ya lura bankuna na karɓar ajiyar gwamnati kusan kyauta su sake ranta wa gwamnatin da ruwa mai tsada, sai ya umarci a killace rabin irin wannan ajiya a Babban Banki a 2013, ya ɗaga zuwa kashi 75 a farkon 2014. Adalci ne a faɗa cewa gangar mai ta fi dala 100 a yawancin waɗannan shekaru, abin da ya sauƙaƙa masa kare naira. Shirinsa na fito da takardar naira 5,000 a 2012 kuwa jama'a da majalisa sun ƙi shi, aka jingine.

Mene ne labarin dala biliyan 20, kuma shi ya sa aka dakatar da shi?

A Satumban 2013 ya rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan cewa kamfanin mai na NNPC bai shigar da dala biliyan 49.8 na cinikin ɗanyen mai cikin asusun tarayya ba, daga Janairun 2012 zuwa Yulin 2013. Wasiƙar ta fita waje. Bayan zaman daidaita lissafi a Disamba, ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta ce abin da ya rage ba a gano ba biliyan 10.8 ne, shi ya ce 12. A Fabrairun 2014 ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawa da Ahmed Maƙarfi ke jagoranta ya ce biliyan 20 ne: an ɗebi man biliyan 67, biliyan 47 ne suka shigo. Babban abin da ya nuna wa yatsa shi ne tallafin kananzir da NNPC ke cira da kansa, alhali talaka ba ya samun kananzir a farashin tallafi.

Kawo alƙaluma uku mabambanta ya ba abokan hamayyarsa makami, kuma kwamitin majalisar bai yarda cewa kuɗin sun ɓace yadda ya faɗa ba. Kamfanin binciken kuɗi na PwC da aka ɗauka daga baya ya ce aƙalla dala biliyan 1.48 ya kamata a mayar, ya kuma nuna cewa NNPC na kashe kuɗi daga cinikin mai kafin ya miƙa saura. Tambayar da Sanusi ya tayar ke nan tun farko: wa ya ba kamfani ikon taɓa kuɗin tarayya kafin majalisa ta kasafta?

Ranar 20 ga Fabrairu, 2014, yana Yamai wurin wani taro na yankin Afirka ta Yamma, fadar shugaban ƙasa ta sanar da dakatar da shi, bisa zargin sakaci da kuɗin Babban Banki, tana dogaro da rahoton hukumar kula da rahotannin kuɗi. Ya musanta zargin. Aka ɗora mataimakiyarsa Sarah Alade riƙo, aka miƙa sunan Godwin Emefiele. Da ya sauka Legas jami'an tsaro suka karɓe fasfonsa, daga baya kotu ta ce a mayar masa a kuma biya shi diyya. Wa'adinsa dama a watan Yuni zai ƙare, kuma ya riga ya ce ba ya neman na biyu.

Shugaban ƙasa na da ikon dakatar da gwamnan Babban Banki?

Dokar 2007 ta ce shugaban ƙasa ba zai cire gwamna ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Ba ta ambaci dakatarwa ba. Gwamnati ta ce dakatarwa daban, cirewa daban. Sanusi ya je kotu yana cewa idan aka bar wannan kafa, 'yancin Babban Banki ya zama na baka, domin duk gwamnan da ya faɗi abin da ba a so za a iya ajiye shi gefe. Naɗinsa sarki ya riski shari'ar kafin a kai ga hukunci kan ainihin batun. A Yunin 2023 aka sake bin wannan hanya, Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Emefiele.

Bayan Babban Banki, ya bar harkar tattalin arziki?

Sarki Ado Bayero ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2014, bayan kwana biyu Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya amince da zaɓen Sanusi a matsayin Muhammadu Sanusi na biyu. Rawani bai sa ya yi shiru ba. Ya soki tsarin canji mai farashi biyu, ya soki tallafin mai kamar yadda ya yi tun 2012, ya yi ta magana kan talaucin Arewa, karatun 'ya'ya mata, da haihuwar 'ya'yan da ba a iya ɗaukar nauyinsu. Wasu na ganin wannan bai dace da bakin sarki ba, wasu na ganin dama abin da aka rasa ke nan.

Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta raba masarautar a 2019, ta sauke shi ranar 9 ga Maris, 2020, aka kai shi Loko sannan Awe a Jihar Nasarawa, kotu ta ba da umarnin sakinsa cikin kwanaki. Ya yi digirin digirgir kan dokar iyali ta Musulunci a Jami'ar Landan. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da shi bayan majalisar jiha ta soke dokar 2019, lamarin da ya haifar da taƙaddama da Aminu Ado Bayero a kotuna.

Gyaran da ya yi ya ɗore?

Wani ɓangare ya ɗore. Lokacin da farashin mai ya sake faɗuwa daga ƙarshen 2014, tattalin arziki ya shiga matsi a 2016, bashin da ya maƙale ya ƙaru, amma ba a ga rushewar manyan bankuna a jere irin ta 2009 ba. Wani ɓangaren kuma an zagaye shi: wasu da dokar shekara goma ta sauke sun dawo a matsayin shugabannin hukumar daraktoci, rance ga na-gida bai mutu ba. Biyu daga bankunan da suka sayi waɗanda AMCON ta riƙe su ma sun faɗi. Skye da ya sayi Mainstreet ya rasa lasisinsa a 2018 aka mayar da shi Polaris, Heritage da ya sayi Enterprise aka rufe shi a Yunin 2024, wannan karon aka bar NDIC ta biya masu ajiya, ta fara da iya adadin da inshora ta rufe, saura kuma sai an sayar da kadarori.

Faɗuwar naira ta kuma cinye jarin da aka ƙayyade a 2005 da 2010. Biliyan 25 da ta kai kusan dala miliyan 190 a zamanin Soludo ba ta kai dala miliyan 20 ba a 2024. Shi ya sa a Maris na wannan shekarar Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga jarin bankin ƙasa da ƙasa zuwa naira biliyan 500, na ƙasa biliyan 200, na shiyya biliyan 50, ya ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026. Rabe-raben lasisin da aka yi amfani da su wajen wannan ƙari su ne waɗanda aka kafa a 2010.